Buhu Mara Nauyi

Masu karatu, kafin ku yanke mini hukunci ku zauna ku ji ni tukuna. Duk wadda ta taɓa zura kwano a buhu ta ji ya daki ƙasa, alhali ga bakuna a bayanta suna jiran abinci, ita kaɗai na yarda ta yi mini faɗa. Sauranku ku bi ni a sannu.

Ni ce babba a gidanmu, ni ce kuma mai riƙe da makullin sito. Tun ina 'yar firamare Baba yake kirana Mai Makulli, har sunan ya danne na yanka. Baba ɗan sarin shinkafa da wake ne, ya yi zamaninsa a kasuwa, kuma a wancan lokacin babu mai shigowa gidanmu ya fita hannu rabbana. Sai gobara ta cinye shagon a yini guda. Ba a yi nisa ba hawan jini ya kayar da shi, ɓarin hagu ya shanye, tafiya ta koma sai da sanda. Abin da ya rage mana shi ne buhunan da ya ajiye a siton gida. Ranar da za a sallame mu daga asibiti likita ya ja ni da Umma gefe ya ce, "Magani zai yi nasa, amma kwanciyar hankalinsa a hannunku take. Kada ku bari ya ga abin da zai girgiza shi."

Daga nan cefanen gida da girkinsa suka dawo wuyana. Ina aiki a wani kantin magani, albashin kuwa kun san irinsa, yana shigowa yana neman ƙofar fita. Dole na koyi abin da makaranta ba ta koya mini ba. Ranar da aka biya ni ba na biyawa ta gida, kasuwar 'yan sari nake wucewa. In tumatir ya faɗi in ɗauki kwando guda, in haɗa da tattasai da albasa in kai markaɗe, in juye a babbar tukunya in yi ta dafawa har ruwan ya ƙone ya yi kauri. In ya huce in raba a ƙananan robobi, kowace roba girkin yini guda, in jera a firiza. Nama in yanka shi ƙanana in ƙulla leda-leda, kuma duk wanda ya kwance mini ƙulli biyu a rana ɗaya, ni da shi ne. Wake in shanya shi ya bushe ƙarau, in ɗura a jarka da busasshen barkono in toshe bakin, ƙwaro ya zo ya nemi ƙofar shiga in ya isa. Asabar kuwa ranar wuta ce, miyar mako guda nake yi a tashi ɗaya don tukunyar gas ta kai mu ƙarshen wata. Ƙannena har waƙa suka yi mini, wai Yaya ta fi ɓera iya ajiya. Ban damu ba, tunda ba su taɓa kwana da yunwa ba.

Wuri ɗaya dabarata ta tsaya: buhunan Baba. Kowace safiya in ya idar da lazimi sai ya dogara sandarsa ya zo bakin sito, in buɗe masa, ya bi jerin buhunan da kallo, ya ɗan doddoki na kusa da kan sandar ya ce, "Alhamdu lillahi, gida da sauran albarka." Da wannan yake karyawa kafin ya kurɓi shayi. To amma buhu ba rijiya ba ne. Muna ci yana raguwa, jerin da ya kusa taɓa rufi ya dawo iya ƙirjina. Wata safiya ya tsaya ya dubi jerin, bai yi hamdalar da ya saba ba, ya juya ya koma ɗaki. Da yamma na auna jininsa, abin da na gani ya sa na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kuka. A nan na rantse jerin nan ba zai ƙara raguwa ba.

A makon ne Kafinta ya shigo rayuwata. Umma ce ta kira shi ya yi mana dandamalin katako don buhunan su daina shan sanyin ƙasa. Dogo ne, ba shi da hayaniya, kullum da guntun fensir a bayan kunne. Ina tsaye yana share garin katakon da ya tara a tsakar gida, na dubi garin, na dubi buhun da na zazzage jiya.

"Malam, garin nan zubarwa kuke yi?"

"Masu kaji ke kwashewa. Kiwo za ki fara?"

"Kiwon buhu," na ce. Ban san abin da ya sa ba, sai na tsinci kaina ina gaya wa mutumin da ko sunansa ban sani ba abin da ko ƙawata ban gaya wa ba.

Ya jujjuya fensirinsa. "Ƙarya ce fa."

"Na sani."

"Kuma ba zai yi nauyi ba."

"Baba ba ɗagawa yake ba, kallo yake."

Washegari ya kawo garin, ya danna shi da taɓarya har buhun ya tsaya ƙyam, ya ɗinke bakin da basilla, ɗinki tsaf kamar na kamfani. Tun daga ranar duk buhun da muka cinye sai ya koma mazauninsa da sabon ciki. Na rataye albasa da busasshen kifi a bango don su danne warin katako. A yau da nake ba ku labarin nan, duk jerin da ke siton nan buhu ɗaya ne na gaskiya, buɗaɗɗen da ke bakin ƙofa, wanda nake sayo rabinsa duk wata. A zatona mu uku muka san wannan: ni, Umma, da shi.

Ban san ranar da abin ya juya ba. Na dai wayi gari na ga in wayata ta yi ƙara na duba ba shi ba ne, haushi nake ji. Mai Fensir na sa masa a wayar. Ya zo ya gaida Baba kamar yadda ya kamata, ya faɗi abin da ke tafe da shi, Baba ya ce zai yi shawara da yayarsa. Nan gizo ke saƙa. Gwaggo ce ta goyi Baba bayan rasuwar mahaifiyarsu, har yau da furfurarsa Auta take kiransa, kuma bai taɓa ce mata a'a ba. Ita kuwa tana da nata ɗan takarar, ɗan wata ƙawarta mai kwangila, wanda sau ɗaya muka haɗu ya yi ta ba ni labarin tayoyin motarsa har la'asar ta kusa kuɓuce mini.

To, mu zo kan Asabar ɗin da ta wuce.

Ina kicin tun hantsi, babbar tukunya na tafasa tana tofa mini jan ruwa a hannu, robobi a jere a kan tebur bakinsu a buɗe. Tsohuwar atamfa ce a jikina wadda ta sha wanki har furanninta suka gudu, ɗankwali a ɗaure tamau, ni kaina warin albasa nake ji a jikina. Wayata ta yi ƙara a kan firiza, saƙon Mai Fensir ne.

"Na kawo sabon hinjin ƙofar sito. In shigo? Farar riga na sa, kada Baba ya ce kullum cikin ƙura yake ganina."

Na goge hannu na rubuta, "Shigo, amma kar ka kalle ni. Kamar wadda aka tsamo daga tukunya nake."

"To miyar ta yi sa'a."

Ku ji mini mutum. Na kifa wayar ina murmushi ni kaɗai kamar sabon taɓi. Ya shigo ya gaida Baba da Umma, ya naɗe hannun farar rigar, ya kwance ƙofar siton gaba ɗaya ya jingine ta da bango don ya canza hinjin, wato ƙarfen da take juyawa a kai. Ƙofar da ban taɓa bari a buɗe ba ko na minti ɗaya, ga ta a jingine, sito a wangale. Ban kawo komai a raina ba, tunda mu kaɗai ne a gidan.

Sai na ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Turaren Gwaggo ya riga sallamarta shigowa.

Ta shigo da leshi ruwan goro, mayafi a kafaɗa, awarwaro na ƙara a hannu biyu. Ta ce wa mai tasin da ya kawo ta ya jira, ba daɗewa za ta yi ba. Kicin ta fara leƙowa kamar kullum, ta bi robobina da ido ta taɓe baki.

"Har yanzu dai miyar ƙanƙara kike ba ƙanena?"

"Sannu da zuwa, Gwaggo. Ai in an ɗumama ba a banbancewa."

"Ke ce ba kya banbancewa. Mace ta girka yau a ci yau, shi ne girki. Gidan ɗan ƙawata kullum sabon cefane, abin da ya kwana masu gadi ake ba. Amma ke kin zaɓi ki tsufa kina ƙulla nama a leda."

Na haɗiye abin da ya taso mini. A raina na ce, ledar nan ce ta sa ƙanenki bai zo ƙofarki roƙo ba. A fili kuwa na ce, "Bari in kawo miki ruwa."

Tana juyawa ta yi kiciɓis da Kafinta a durƙushe yana gaishe ta. Ta dube shi daga fensir har takalmi.

"Wannan ne mai ƙusar?"

"Ni ne, Gwaggo. An zo lafiya?"

"Lafiya," ta ce, ta wuce falo ba ta ƙara ko kallonsa ba.

Na kai ruwa na tarar ana hira. Wai surukan 'yarta ne za su zo mata kwana biyu, ga shinkafa ta yi tashin gwauron zabi, ta rasa inda za ta sa kanta. Ina jin kalmar shinkafa na saci kallon sito. Baba yana zaune a kujerarsa, sanda a jingine da gwiwa, bakinsa ya buɗe da maganar da ya saba yi tun ina goye.

"Mai Makulli, ɗibar wa Gwaggonki shinkafa."

"To, Baba."

Na fizgi leda na nufi sito har ina tuntuɓe. Niyyata in cika ta daga buɗaɗɗen buhun in dawo kafin kowa ya motsa. Ko rabin abincinmu na wata zai tafi, ya tafi, zan san yadda zan ja wake ya cike gurbin. Na zuba kwano na farko, na zuba na biyu, sai na ji ƙarar awarwaro a bayana.

"La'ilaha illallahu!"

Gwaggo ce tsaye a inda ƙofa ya kamata ta kasance, hannu a haɓa, tana kallon jerin buhuna.

"Auta! Zo ka ga ikon Allah. Duk wannan kana zaune a kai, ni ake auna wa a leda kamar wadda ta zo roƙo? Ni da na goye ka a bayan nan?"

Na ji sandar Baba tana tahowa, ƙwas, ƙwas. Umma ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya, fuskarta ta yi fari. Kafinta yana durƙushe da sukurdireba a hannu, ya kasa ɗaga kai.

"Gwaggo," na ce, "ki tafi da wannan ɗin duka. Sabuwar shinkafa ce, ta fi waɗancan kyau. Waɗancan sun daɗe."

"Wanda kuka ci rabi? Ragowa za ki ba ni in kai wa surukai? Ai tsohuwar shinkafa ta fi auki, ni za ki koya wa?" Ta miƙa yatsa. "Wancan nake so, na saman can, mai ɗinkin kamfani."

Ɗinkin kamfani. Da ba tashin hankali nake ciki ba da na yi dariya, don mai kamfanin yana durƙushe a gefen ƙafarta.

Baba ya iso. Ya dubi buhun, ya dube ni, ya dubi yayarsa. Na ga leɓensa ya motsa kamar zai ce wani abu, sai ya fasa. Ni kuwa addu'a nake a zuci, Allah ka sa ya ce a bari sai gobe, Allah ka sa ya ce komai ma.

"Ɗauki, Yaya," ya ce a hankali.

Ludayin da ke hannun Umma ya faɗi ƙasa.

"Yauwa, ko kai fa." Gwaggo ta juya kan Kafinta. "Kai mai ƙusa, tunda ga ka, nuna mana ƙarfin da za ka riƙe 'yar mutane da shi. Kai mini mota."

Na san wulaƙanci take nufi, ta mai da shi ɗan dako a gaban Baba da farar rigarsa. Ba ta san taimakon da ta yi mini ba. Da wani ne ya taɓa buhun nan, da hannu ɗaya zai ɗaga shi, kuma da a nan tsaye komai ya ƙare.

Kafinta ya miƙe. Ya ajiye fensirinsa a aljihu, ya tofa yawu a tafin hannu, ya yi bismilla. Ya rungumi buhun ya ja, ya saki, ya ja numfashi, ya sake kamawa. Masu karatu, ban taɓa sanin mutumin nan ya iya wasan kwaikwayo ba. Ya ɗora shi a kafaɗa yana nishi, gwiwarsa ta lanƙwashe, jijiyar wuyansa ta tashi, har ya ɗan yi tangaɗi ya dafa bango. Gumin da ke zubo masa kuwa na gaske ne, don na san tsoro ne ya kawo shi. Na bi shi a baya ina duba ƙasa, kada ko ƙwayar gari ɗaya ta zubo daga ɗinkin.

A waje mai tasi ya fito da sauri yana miƙo hannu. "Kawo in kama maka, ɗan'uwa."

"Bari, direba! Ladan nawa ne, kar ka raba ni da shi. Buɗe but kawai."

Ya sauke buhun a ciki, ya danna gefen motar da ƙugunsa har ta ɗan nutsa kamar an ɗora mata kaya. Ya rufe but ɗin da kansa, ya share goshi, kafaɗar farar rigar ta yi dauɗa.

"Gwaggo, bari in raka ku in shigar miki da shi. Kayan nan ba na mutum ɗaya da tsufa ba ne."

"Wa kake kira tsohuwa?" ta ce, amma na ga ta ji daɗi. "Shiga gaba. Aƙalla dai kana da ladabi."

Motar ta tashi. Kafin ta sha kwana saƙo ya shigo. "Ki kwantar da hankalinki. Ni zan ajiye shi a sitonta da hannuna, gobe in nemo na gaske in san yadda zan musanya."

Na koma ciki. Ƙauri ya tare ni tun daga zaure, miyar mako guda ta kama a gindin tukunya. Na kashe wuta na tsaya ina kallonta. Umma ta shigo ta turo ƙofar kicin, ta yi ƙasa da murya.

"Kin ga abin da nake gudu ko? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In Gwaggonki ta farke buhun nan, kafin magariba dangi kaf sun ji, kuma kin san inda maganar za ta dawo. Mahaifinki ba zai ɗauka ba."

"Ya ce zai musanya, Umma."

"Da me? Da ƙusa?" Ta share ido da bakin mayafi. "Ni ban ce miki dole ba, ban taɓa cewa ba. Amma da kin saurari ɗan kwangilar nan, da buhunan nan na gaske ne."

"Umma, don Allah. Mutumin da yanzun nan ya ɗauki kunyarmu a kafaɗa ya fita da ita?"

Ta kau da kai. Ni ma na ji zafin abin da na faɗa, don na san ba kwaɗayi ne ke sa ta magana ba, tsoro ne irin nawa. Muna tsaye a haka muka ji muryar Baba.

"Mai Makulli."

Ba daga falo ba. Daga sito.

Na same shi zaune a kan kujerar da Kafinta ke takawa, a tsakiyar buhunan, sanda a kwance a cinyarsa. Gurbin buhun da aka ɗauka yana nan a sama kamar wawulo. Na fara duba fuskarsa, ko bakin ya ƙara karkacewa, ko idon ya canza.

"Baba, ka koma falo, a nan akwai zafi. Bari in ɗauko abin awo."

"Zauna."

Na durƙusa a gabansa.

"Tun yaushe nake sayar da shinkafa?"

"Tun kafin a haife ni."

Ya ɗaga sandar da hannunsa mai lafiya ya doki buɗaɗɗen buhun na bakin ƙofa. Ya saurara. Sannan ya doki na cikin jerin.

"Kin ji? Shinkafa in ka doke ta amsawa take, tana ɗan motsi a ciki. Waɗannan kurame ne. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, balle kunnen da ya tsufa a kasuwa. Albasar da kika rataye kuma ta yi ƙoƙari, sai dai ba ta hana ni jin katako ba."

Na ɗago na dube shi. Na ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun buhun farko."

"Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Na lura in na ce alhamdu lillahi sai fuskarki ta saki, ki ɗauki jaka ki tafi aiki da ƙarfinki. Na ce to, yarinyar nan tana ɗinka mini, ni ma bari in ɗinka mata." Ya ɗan yi murmushi da ɓarin bakin da ke motsi. "Kuma ban yi ƙarya ba da nake cewa gida da sauran albarka. Ba buhu nake kallo ba in ina faɗa."

Kuka ya ƙwace mini, irin wanda ba ya jiran izini. Wata da watanni ina tafiya a kan ƙaya don kada ya sani, ashe shi ma a kan tasa ƙayar yake tafiya don kada in san ya sani. Na ji kunya, na ji sanyi, na ji haushinsa ma kaɗan, duk a lokaci guda.

"Yau kuma bakina ne ya riga hankalina," ya ce. "Ban taɓa ce wa Yaya babu ba. Na so in koya a tsaye, harshen ya ƙi."

Wayata ta yi ƙara a hannuna. Mai Fensir.

"Mun iso."

Kafin in sauke ajiyar zuciya wani ya shigo.

"Ta ce ba a ajiye mata buhu saboda ɓera. Wai a zazzage a babbar roba mai murfi yanzu, a gabanta. Maƙwabtanta biyu suna tsakar gida."

Wani kuma.

"Na ce bari sai gobe in zo da abin kwance ɗinki. Ta ce wuƙa ta isa. Ta shiga ɗaukowa."

Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Ina kallon alamar yana rubutu, ta tsaya, ta dawo, ta tsaya. Sannan dogon saƙo ya faɗo.

"Kar ki ce komai. Zan ce ni na sace shinkafar na musanya lokacin da nake aiki a gidanku. Garin daga shagona yake, kowa zai yarda. Sunan Baba ba zai fito ba. In ba a ƙara barina na taka gidanku ba, ki yafe mini."

"Mene ne?" Baba ya ce.

"Ba komai, Baba."

"Mai Makulli, mun gama da ba komai a gidan nan. Karanta mini."

Na karanta masa. Umma tana tsaye a bakin sito, ta toshe baki da mayafi. Baba ya runtse ido ya daɗe, har na tsorata na kama hannunsa.

"Kira mini Yaya."

"Baba, jininka! In ta ji daga bakinka, kowa ya ji. Duk waɗanda ka ciyar za su san..."

"Su sani. An ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Namu buhun babu gaskiya a cikinsa, dole ya huje. Amma ba a kan ɗan mutane ba. Yaron da ya yi nishi a ƙarƙashin buhun banza don ya rufa mini asiri, ba zan zauna a kujera a kira shi ɓarawo ba. Kira ta."

Na danna lambar, na sa a bayyane don hannunsa ba zai iya riƙewa a kunne ba. Na ɗora wayar a tafinsa, na sa yatsuna a wuyan hannunsa ina jin jijiyar tana bugawa da sauri. Ta yi ƙara har na ɗauka ba za a ɗaga ba.

"Ke Mai Makulli, me kuma? Ina cikin aiki, ga wuƙa a hannuna."

"Yaya, Auta ne." Muryarsa ta fito a daidai, irin wadda na daɗe ban ji ba. "Ajiye wuƙar nan. Abin da ke cikin buhun nan ni na san shi, kuma ni zan gaya miki da bakina. Wanda ke tsaye a gabanki kuma ki ba shi wurin zama. Surukina ne."

Umma ta zame ta zauna a dokin ƙofa. Ni kuwa ban saki hannun Baba ba. Daga can ɓangaren na ji ƙarar awarwaron Gwaggo, ashe ba ta ajiye wuƙar ba, sannan na ji zaren bakin buhu yana warwarewa.